Cinyar Aladen Nechifor

Ranar da aka kawo gawar wata tsohuwa, Lele Saveta, daga asibitin birni, ranar ce Pintea, ɗan sandan ƙauyen, ya sa aka tone ramin da ke bayan tsohon injin katako. Maza shida suka yi ta sarar ƙasa da diga, don sanyi ya mayar da ita kamar dutse. Da suka kai ga aladen dajin da aka binne a wurin mako shida da suka wuce, sai suka tsaya cirko-cirko. Aladen yana nan, farar ƙasar da aka barbaɗa masa tana nan, amma babu cinyarsa ta dama, kuma an fasa muƙamuƙinsa an cire haurensa.

Ozana, likitar dabbobi, 'yar birni da ba ta cika shekara biyu a ƙauyen ba, ta leƙa ramin ta ja dogon numfashi.

"To kun dai gani," ta ce. "Mako biyu ana yawo da sunana, wai na rikita naman gwaji na buga hatimi a kan mai tsutsa. Ga mai tsutsar nan. Wani ne ya zo ya yanka."

Kowa ya san yadda abin ya faro. A farautar farkon Disamba an kashe aladen daji biyu. Nechifor ya harbi wani tsohon ƙato da ya shekara uku yana bibiya, Todor kuma ya harbi wani matashin alade mai ƙiba. Ozana ta duba naman kowanne a madubin likita, ta ce na Todor lafiya lau, na Nechifor kuwa cike yake da ƙananan tsutsotsin nan da ke naɗewa cikin tsoka, waɗanda gishiri da hayaƙi ba sa kashewa. Aka binne shi, Nechifor yana zage-zage. Bayan Kirsimeti da kwana biyu Todor ya yi bikin baftismar jikansa, aka cika tebura da karnats, niƙaƙƙen nama ɗure cikin hanji da aka banda a hayaƙi, aka ci shi yadda aka saba, ba dafawa, da albasa da palinka, giyar yankin mai ƙarfi. Kwana goma sha biyu bayan haka mutane suka fara kwanciya. Gudawa, zazzaɓi, idanu su kumbura har ba a iya buɗe su, jiki ya riƙa ciwo kamar an lakaɗa wa mutum duka da sanda. Mutum goma sha ɗaya aka kwasa zuwa birni, har da Domnica matar Todor da 'yarsu Anuta, uwar jaririn. Lele Saveta, wadda ta haura saba'in, zuciyarta ce ta kasa ɗauka.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, duk naman da aka samu a ɗakin bandar Todor an gwada shi, ba a ga tsutsa ko ɗaya ba.

Pintea ya juya ya dubi mutumin da ke tsaye nesa da ramin, hannu cikin aljihu.

"Bade Ilarie, ni takarda na iya karantawa. Ƙasa kuwa sai kai. Ka taimake ni."

Ilarie, wanda ake ce wa Bade don girmamawa, mai gadin daji ne, kuma duk kwarin babu mai bin sawu kamarsa. Shi ke gaya wa mafarauta inda garke ya kwana da inda zai sha ruwa. Shekararsa hamsin da huɗu, bai taɓa aure ba, kuma babu wanda bai san dalili ba. Shi ya fara neman Domnica, shekara biyu yana kai ta rawa ranar Lahadi, sai Todor ya dawo daga aikin gini a ƙasar waje da mota da agogo da bakin da ba ya gajiya da zance. Shi ta aura, shekara ashirin da shida ke nan. Gidan Ilarie yana gangare, na Todor yana kan tudu, ta yadda kowace safiya in ya buɗe taga, hayaƙin murhun Domnica ne abu na farko da yake gani.

"Zan duba," ya ce.

* * *

A mashayar ƙauyen an riga an gama shari'a. Da Ilarie ya shiga sayen taba, sai surutu ya ragu.

"Ga ɗaya daga cikin masu lafiyar nan," wani ya ce daga kusurwa. "Kai dai Ilarie Allah yana sonka. Gari duk ya je biki, kai kaɗai ka zauna gida."

"Ba ni da riga mai kyau ne."

"Riga ce babu ko zuciya ce ta ƙi hawa tudu?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mai mashayar ta miƙo masa tabar ta rage murya.

"Kada ka kula su, Bade. Kowa ya san Nechifor ne. A gabana ya ce wai sai Todor ya ɗanɗani abin da ya ɗanɗana. Kuma ranar bikin an gan shi ya shiga kicin."

Ilarie ya karɓi tabar ya fita. Gaskiya ce bai je bikin ba, kuma ba don riga ba ne. Ba zai iya zama yana kallon Todor riƙe da jika ba, yana cika baki, Domnica tana zuba masa abinci. Akwai kuma wani abu da bai gaya wa kowa ba. Kowace shekara, in an gama banda, Domnica takan aiko masa da zobe ɗaya ko biyu na karnats, naɗe cikin farin ƙyalle. Bana ba ta aiko ba. Ya jira har Kirsimeti ta wuce, abin ya tsaya masa a rai fiye da yadda zai yarda.

* * *

Ya sami Nechifor yana faskare a bayan gida. Kafin ma a gaisa idon Ilarie ya sauka kan takalman roba da ke ajiye a bakin ƙofa. Akwai farar ƙasa busasshiya a tsagin tafinsu.

"Ka zo kama ni ne?" Nechifor ya ce, bai ajiye gatarin ba.

"Ni ba ɗan sanda ba ne. Ina hauren?"

Nechifor ya tofar da yawu gefe, ya shiga ciki ya fito da su naɗe cikin tsumma. Kowanne ya kai tsawon tafin hannu da rabi.

"Shekara uku, Ilarie. Kai ka nuna min sawunsa, ka san wahalar da na sha. Sai wata yarinya ta leƙa gilashi ta ce a jefa shi rami kamar mushe, shi kuwa wancan mai baki ya harbi ɗan jariri gari yana yi masa kirari. Hauren ma ba zan ɗauka ba?"

"Yaushe ka je?"

"Kwana uku bayan binnewa, da hantsi. Ƙasar ta riga ta daskare, da ƙyar na fasa."

"Cinyar fa?"

"Na tarar babu ita. Na ɗauka kai ne ka yanka wa karnukan daji tarko."

"Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In ce me? In ce ga ni na tone ramin da hukuma ta rufe?"

"An ce ka shiga kicin ranar biki."

"Na shiga. Saveta ce ta kira ni in ɗaga mata tukunya." Muryarsa ta canja. "Ita ta riƙe ni a coci ranar tawa baftismar, Ilarie. Ita ta ba ni yanka daga farantinta na ƙi karɓa saboda fushi. Fushin ne ya cece ni, ita kuma ga ta can a akwatin gawa."

Ilarie ya yarda da shi. Mai yin irin wannan ɓarna ba ya barin takalmansa a bakin ƙofa mako shida.

* * *

Maganar Nechifor ta ba shi abin da yake nema. Ranar da aka binne aladen an yi ruwa, ƙasa ta zama taɓo. Washegari da yamma sanyi ya sauko, kuma tun daga lokacin bai saki ba. Duk wanda ya taka wurin tsakanin ruwan da sanyin, sawunsa yana nan a daskare ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kamar an zuba shi da siminti.

Bakin ramin ya lalace da ƙafafun masu tono, don haka ya koma can baya, inda wata siririyar hanya ke bi ta cikin itatuwa zuwa rafi. Ya karyo reshe mai ganye ya durƙusa ya fara shara a hankali. Ya fi awa biyu yana yi, yatsunsa sun mutu da sanyi, kafin ya ga na farko.

Sawun mutum ɗaya ne, zuwa da dawowa. Na zuwan bai nutse sosai ba. Na dawowan ya nutse, takun ya gajarce, mutumin yana ɗauke da kaya a kafaɗar hagu, ga ɗigon farar ƙasa a cikin dunduniyar. Takalmin roba ne irin wanda kowane namiji a kwarin yake da shi. Amma ƙafar dama tana karkata waje, tana ɗan jan ƙasa da gefenta kafin ta sauka.

Ilarie ya zauna a kan dugadugansa. Ya san ƙafar nan. Tun shekarar da gungumen itace ya faɗo wa Todor a gwiwa haka yake tafiya. Ya ga sawun nan a bakin coci, a hanyar kasuwa, a gefen ƙaramin sawun Domnica, sau dubu, ko da ba ya son gani.

Wani daɗi ya taso masa daga ciki, mai zafi kamar kurɓin palinka, har ya ji kunyar kansa. Mace tana kwance a akwati, shi kuwa yana durƙushe a daji yana murmushi. Sai kuma ya fara shakka. Shin ƙasar ce ta faɗa, ko shi ne ya karanta abin da ya daɗe yana son karantawa? Ko da gaskiya ne ma, wa zai yarda? Za a ce Ilarie ya shekara ashirin da shida yana jiran wannan rana. Kuma me zai sa mutum ya zuba wa matarsa da 'yarsa cuta a faranti?

Ya rufe sawun da rassa, ya hau tudu.

* * *

Todor yana ba shanu ciyawa. Ya rame, gemu ya fito masa, amma idanunsa ba su kumbura ba, kuma yana ɗaga damin ciyawa ba tare da ya yamutsa fuska ba.

"Wa nake gani haka? Ilarie a gidana. Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Ya masu jiki?"

"Domnica ta fara zama. Anuta ce dai..." Ya kau da kai. "An ce abin ya taɓa mata zuciya. Jaririn yana wurin dangin ubansa."

Ilarie ya dubi gidan, labulen da aka saƙa da hannu, jerin barkono ja a rataye, itacen girki a shirye reras. Komai na wurin yana da hannun Domnica, kuma komai na wannan mutumin ne.

"Kai ba ka kwanta ba," ya ce.

"Mai biki yana samun zama ya ci ne? Ina waje da makaɗa, ina zuba wa mutane abin sha. Gurasa kawai na sa a bakina ranar."

"Na san ka da cin nama, Todor."

"Ni ma na san ka da sa ido." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Je ka tambayi Nechifor. Ko kuwa ka fi son a ce ni ne? Faɗi gaskiya, da ka ji daɗi."

Amsar ita ce e, don haka Ilarie ya juya ya sauko gangare.

* * *

Washegari ya bi motar safe zuwa birni. Da ƙyar ya gane Domnica. Fuskar ta kumbura, idanun sun zama 'yan tsaga, hannayenta a kan bargo ba ta iya dunƙule su.

"Ilarie ne? Kada ka kalle ni, na zama dodo."

"Na ga waɗanda suka fi ki muni a daji."

Ta so yin dariya, ciwo ya hana ta. Ya ja kujera ya zauna, hularsa a gwiwa. Bai taɓa zama kusa da ita haka ba tun suna matasa.

"Likita ya ce da mun zo da wuri, da ƙwayar magani kawai za a ba mu," ta ce. "Wai in aka sani a makon farko, kafin tsutsar ta shiga tsoka, abin da sauƙi. To wa ya sani? Mun ɗauka mura ce."

"Wa ya yi karnats ɗin bana?"

"Ni mana, da Saveta, Allah ya ji ƙanta. Wa zai yi? Sai dai naka. Ka yi haƙuri, Ilarie, na san ka jira. Bana Todor ne ya ce shi zai yi maka da hannunsa, wai ya daɗe yana ƙyashin abin da nake aiko maka, yana so ya wanke zuciyarsa. Har kuka na yi don daɗi. Ya yi zobe shida manya, ya ɗaure su da jan zare don kada su haɗu da namu, ya rataye su can ƙurya. Ya ce kada in taɓa, shi zai kai maka da kansa ranar sabuwar shekara."

Ilarie ya matso da kujerarsa.

"Sai aka yi yaya?"

"Sai baƙi suka fi yadda muka zata. Nama ya ƙare a teburin mata, Todor yana waje, na ce a raina Ilarie ba zai ƙi ba. Na yanka biyar. Ɗaya na ɓoye maka a cikin akwatin garin masara, don kada ka tashi a banza. Da Todor ya shigo ya ga zaren a faranti, ka ga yadda fuskarsa ta yi? Na ɗauka fushi ne don na taɓa kyautarsa. Kwana biyu bai yi min magana ba."

Ta juyo da kai da ƙyar, tana ƙoƙarin ganin fuskarsa ta cikin kumburin.

"Me ya sa kake tambaya?"

"Pintea ne ya ce in tambayi kowa," ya ce, ya miƙe. "Ki huta."

A matakalar asibitin ya zauna. Zobe shida. Shi kaɗai a gida, ba mai leƙa shi, da ya cinye su cikin mako biyu.

* * *

Ilarie ya gaya wa Pintea abin da ya ji, su biyu da Ozana suka je gidan tudu lokacin da Todor yake wurin haƙa kabarin Saveta. Zoben yana nan cikin garin masara, da jan zarensa. Ozana ta yanki ɗan ƙanƙani ta matse tsakanin gilashi biyu, ta duba, ta matsa gefe ta ce Ilarie ya leƙa. Ya ga abubuwa kamar zaren da aka naɗe, birjik, kowanne cikin 'yar jakarsa.

"Zai ce wani ne ya sa masa," Pintea ya ce. "Zai ce matarsa zazzaɓi ne ke sa ta sambatu. Sawun kuma, ka yi haƙuri Bade, daga bakinka ya fito."

"Na sani. Likita, naman da kika gwada kika ce lafiya, yana wurinki?"

"Yana nan."

"Ba ni zobe ɗaya, da jan zare."

* * *

Bayan an binne Lele Saveta an ci abincin sadaka, Pintea ya tsayar da mutum huɗu a ɗakin taron coci: Nechifor, Todor, Ozana da Ilarie. Sauran jama'a suka ƙi tafiya, suka taru a bakin ƙofa da tagogi.

"Kowannenku an ambaci sunansa," Pintea ya ce. "Likita, an ce kin rikita gwaji. Nechifor, an ce haushi. Bade Ilarie, kai ma ka san abin da ake cewa."

"Ni fa?" Todor ya ce. "Matata da 'yata suna asibiti, ni ma zargina ake yi?"

"Kai mai gida ne, dole ka ji."

Ilarie ya ba da labarin hauren, Nechifor ya sunkuyar da kai, mutane suka yi gunaguni. Ya ba da labarin sawun da ke bayan rami, da kayan da aka ɗauko a kafaɗar hagu, amma bai ambaci ƙafar dama ba. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da zoben karnats ya ajiye a tsakiyar tebur, jan zaren yana reto.

"Wannan daga gidan Todor ya fito. Likita ta ce duk abin da ke ɗakin bandarsa lafiya lau ne. Ina so a wanke sunan gidansa a gaban kowa, don haka mu biyar za mu ci."

Ya zaro wuƙa ya yanka. Pintea ya ɗauka ya ci. Nechifor ya dubi Ozana, ta gyaɗa masa kai, ya ɗauka. Ilarie ya soki yanka ɗaya da bakin wuƙar ya miƙa wa Todor.

"Naka ne. Kai ka harbe shi."

"Na ƙoshi."

"Ɗan wannan ba zai fasa maka ciki ba."

"Na ce na ƙoshi."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi, a ɗakin da numfashi ke fita kamar hayaƙi. Idonsa yana kan zaren. Ozana ta miƙa hannu ta ɗauki nata yankan ta kai baki. Sa'ar Anuta ce, har tsayinsu ɗaya. Todor ya kama mata wuyan hannu.

"Kada ki ci, yarinya," ya ce a hankali. "Ku ma ku tofar."

Na bakin ƙofa suka matso kusa.

"Me ya sa, Todor?" Pintea ya ce.

Todor bai dube shi ba, Ilarie yake kallo.

"A ina ka samo shi? Na birkice gidana kaf, ban ga ko ɗaya ba."

"Na gaskiyan yana wurin likita, daga akwatin garin masara. Wannan mai kyau ne, ni na ɗaura masa zare da safe. Duk ɗakin nan kai kaɗai ne zaren ya tsorata."

Todor ya saki hannun Ozana ya zauna daɓas.

"Ba nufina ka mutu ba," ya ce. "So nake ka kwanta. Ka kumbura, ka yi wari, ka kasa hawa dutsen nan da ake yabonka a kai. Shekara ashirin da shida, Ilarie. In an yi sanyi sai ta tsaya a taga ta ce ko Ilarie yana da itace. In na kawo nama sai ta ce ai Ilarie ne ya nuna maka wurin. Mafi kyawun zobe, shi take ware maka. Ni na aure ta, ni na gina mata gida, amma kullum kana zaune a teburina ba a ganinka."

Ilarie ya ji kamar an juya masa ƙasa. Duk shekarun da ya yi yana kallon tudu yana cin zuciyarsa, ashe na kan tudun ma gangare yake kallo. Wani ɓangare na zuciyarsa har ya so ya ji daɗin maganar. Sai ya tuna hannayen Domnica a kan bargo.

"Ni ka bar ni gefe," ya ce. "Ka shigo ka ga zaren a faranti. Ka san abin da suka ci. Kwana goma sha biyu kana da baki, Todor. Kalma ɗaya ga likita, da ƙwayar magani kawai za a ba su. Da yau ba mu binne Saveta ba. Ka zauna kana kallon Anuta tana shayar da ɗanta, ka yi shiru."

"Na yi ta cewa ƙila hayaƙi ya kashe su. Na yi ta cewa ƙila ba komai." Ya rufe fuska da hannu biyu. "In na faɗa, Domnica za ta san dalili."

Nechifor ya taso da kujera a hannu, sai da maza biyu suka shigo suka riƙe shi. Pintea ya fita da Todor ta ƙofar baya. Mutanen da suka yi wa Ilarie dariya a mashaya suka buɗe masa hanya, babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

* * *

Anuta ta rayu, ko da yake likitoci sun ce ba za ta ƙara ɗaukar kaya mai nauyi ba. An sallami Domnica a farkon Fabrairu, amma ta ce ba za ta koma gidan tudu ba tukuna, za ta zauna a birni kusa da 'yarta. Ranar da za ta bar asibiti Ilarie ya yi aski, ya sa rigar da ya ce ba shi da ita, ya bi motar safe. A hanya ya shirya maganganu da yawa. Zai ce kada ta damu da gida, zai kula da shanu, zai gyara rufin rumbu, duk abin da take so.

Ya same ta zaune a bakin gado, kumburin ya saɓe, ta tsufa da shekara goma. Ta saurare shi har ya gama.

"Pintea ya gaya min komai," ta ce. "Na gode da ka wanke Nechifor da yarinyar nan. Amma bari in gaya maka abin da na gaya wa Todor ya fi sau ɗari. Tausayinka nake ji, Ilarie. Mutum shi kaɗai a gida, ba mai dafa masa. Da Nechifor ne ba shi da mata, shi zan riƙa aika wa. Todor bai taɓa yarda ba. Yanzu da na ga rigar nan, na gane kai ma ba ka taɓa yarda ba."

Ilarie ya sunkuya ya dubi rigar da ke jikinsa.

"Ku biyu kun yi ta auna juna a kaina, ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye ni. Ga Saveta a ƙasa, ga 'yata ba ta iya ɗaukar ɗanta." Ta laluba jakarta ta fito da makullin gida ta miƙa masa. "Tunda ƙauyen za ka koma, ka kai wa Nechifor. Shi da matarsa za su kula da shanun."

Ya karɓa. Ya bi motar yamma ya sauka a bakin gada, ya wuce ƙofar gidansa bai tsaya ba. Nechifor yana gyaran shinge, ya ɗago ya dubi rigar, ya dubi makullin, ya gane. Bai yi masa ba'a ba.

"Jar saniyar tana harbi da ƙafar hagu," Ilarie ya ce. "In za ka tatse ta, ka tsaya ta dama."

"Ya aka yi ka sani?"

"Daga tagata ana gani."